Zagayen Yini Guda a Ƙasar Auduga: Daga Maiwurno Zuwa Wad Madani

A ƙasashen da suka shahara da noman inabi domin yin giya, akwai wata al'ada ta yawon buɗe ido da ta daɗe da kafuwa. Akan ɗauki baƙi a mota da safe, a zaga da su gonaki uku ko huɗu, a nuna musu kuringar inabi da matsarsa da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake jibge gangunan katako, su ɗanɗana, su ci abincin rana a ɗaya daga cikin gonakin, a mayar da su masauki kafin faɗuwar rana. Jamus ta buɗe irin wannan hanya a hukumance a shekarar 1935, Afirka ta Kudu kuwa ta buɗe tata a Stellenbosch a 1971. Duk mai tsara irin wannan zagaye ya san yini ba ya ɗaukar komai da komai. Dole a zaɓa, kuma abin da ɗan jagora ya zaɓa shi ne baƙo zai tafi da shi gida a matsayin labarin ƙasar. A gonakin inabin Afirka ta Kudu, alal misali, an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya; an haramta hakan a takarda a farkon shekarun 1960, amma al'adar ta ci gaba har cikin shekarun 1990. Baƙon da aka zaunar a inuwa aka miƙa masa kofi ba lallai ne ya ji wannan ba, domin hanyar motar ba ta bi ta gidajen masu tsinkar inabin ba.

Sudan ba ƙasar inabi ba ce, giya ma an haramta ta a watan Satumba na 1983, lokacin da Shugaba Ja'afar Numairi ya sa aka tuttular da ita a kogin Nilu a Hartum. Sai dai tana da yanki guda wanda amfanin gona ɗaya ya ɗaukaka sunansa a duniya, kamar yadda inabi ya ɗaukaka Bordeaux ta Faransa. Wannan yanki shi ne Jazira, ƙasar auduga, wadda ke cike da ƙauyukan Hausawa da Fulani, haka ma gaɓar Shuɗin Nilu da ke kudu da ita. Mai son ya zaga da ɗalibai cikin yini guda a wannan ƙasa zai fuskanci tambayar da mai tsara zagayen inabi yake fuskanta: ina za a fara, ina za a tsaya, me za a tsallake? A nan amsar tana da nauyi ƙwarai, domin jerin zangon da aka bi shi ke nuna ko Hausawan wurin baƙi ne da auduga ta jawo, ko kuwa mutane ne da suka riga audugar zuwa.

Ƙasa da lokaci

Kalmar Jazira Larabci ce, ma'anarta tsibiri, kuma an kira yankin haka ne saboda yana tsakanin koguna biyu, Farin Nilu a yamma da Shuɗin Nilu a gabas, waɗanda suka haɗe a Hartum. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai baƙar laka irin wadda mutanen Borno ke kira firki. Yana da ɗan gangare kaɗan daga kudu zuwa arewa, wanda ido ba ya gani amma ruwa ya san da shi, kuma wannan gangaren ne ya sa aka iya shayar da shi ba tare da injin ba. Babban birninsa Wad Madani ne, kimanin kilomita 190 kudu da Hartum. Daga Madani zuwa Sinnar kimanin kilomita 100 ne da 'yan kai, daga Sinnar zuwa Maiwurno kuwa kimanin 15.

Lokacin da ya dace shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina, wato daga Yuli zuwa Satumba, lakar nan takan riƙe ƙafar mota da zarar an sauka daga kwalta, a watannin Afrilu da Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40. A watan Janairu ne auduga take buɗewa, a fara tsinka, a ci gaba har Afrilu. Yinin bai wuce awa goma sha ɗaya da 'yan mintoci ba, don haka gara a auna shi da lokutan salla: a tashi bayan asuba, a yi zango da hantsi domin karin kumallon mutanen Sudan, wanda suke kira faɗur kuma ba sa cinsa da sassafe, a huta da azahar, a kasance cikin gari kafin magariba.

Jagora

Bahaushe ba baƙon tafiya mai tsari ba ne. Ayarin fataken Gwanja yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya ya nemi zango, da uban dawaki mai tattara abin da za a biya masu ƙasa, da malamin ayari mai duba ranar tashi. Wannan tsarin ne mahajjatan ƙasa suka gada. Hanyarsu ta tashi daga Kano ta bi ta Borno, ta tsallaka zuwa Fort Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, ta ratsa Abeshe da Adare, ta shiga Darfur ta Jinaina, ta wuce Nahud zuwa Ubayyid. Tun daga 1912 jirgin ƙasa yana ɗaukar mutum daga Ubayyid, ya tsallaka Farin Nilu a Kosti, ya biyo ta Sinnar da Madani. A kowane babban zango akwai unguwar mutanen yamma da shehunta, wanda ke saukar da baƙo, ya samar masa aikin da zai tara guzuri, ya haɗa shi da wanda zai kai shi gaba. Cikin waɗannan masu masauki da dillalai akwai na kirki, akwai kuma waɗanda suka ci dukiyar bayin Allah, har da masu tsallakar da mutane Bahar Maliya a ɓoye cikin kwale-kwale, inda wasu yaran suka ƙare a hannun masu sayen bayi a Hijaz kafin Saudiyya ta haramta bauta a 1962.

Jagoran zagayen yini guda magajin jagaba ne, kuma sharaɗinsa na farko harshe. Yana bukatar Larabcin Sudan domin ofis da kasuwa da shingen hanya, da Hausa domin zauren mai gari, in da hali kuma da Fulatanci domin Maiwurno. Sharaɗi na biyu shi ne ya kasance yana da wanda zai yi wa sallama a kowane ƙauye. Gonar inabi tana da ƙofa da farashin shiga. Ƙauye kuwa gidan mutane ne, ba a faɗa masa da mota cike da masu ɗaukar hoto. Akan aika tun kafin ranar, a fara da gaisuwar dattawa, a riƙe goro da sukari da ganyen shayi a hannu.

Akwai hanya biyu ta tsara yinin. Mafi sauƙi ita ce a fara da Barakat, hedikwatar aikin noman, wadda ke gefen Madani, a yi ta gangarawa kudu har a ƙare a Maiwurno in lokaci ya rage. Mai bin wannan tsari zai ji labarin injiniyoyi da kamfani da madatsa tukuna, sa'annan Hausawa su shigo a ƙarshe a matsayin 'yan ƙwadago. Tsari na biyu ya fi wahala amma ya fi bin tarihi: a miƙe kudu kai tsaye da sanyin safiya, a fara da Maiwurno, a dawo arewa zango zango tare da ruwan. Shi ne za a bi a nan.

Maiwurno

Labarin wannan gari ya faro ne a Sakkwato. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai magana a bakin jama'a cewa a ƙarshen zamani al'ummarsa za ta yi hijira gabas, zuwa kogin Nilu, ta sadu da Mahadi. Maganar ta yi ƙarfi har sarakuna suka riƙa fama da masu tashi, har Nana Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba. Da Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881 ya ce shi ne Mahadi, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda a ƙasar Adamawa. Ke nan idon mutanen daular yana kallon gabas tun kafin Nasara su iso.

Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Aka tare su a Burmi, garin da Malam Jibrilla Gaini ya kafa kusa da kogin Gongola, ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar suka ci gaba. Wurno ribaɗi ne kusa da Sakkwato, inda kabarin Sarkin Musulmi Bello yake, don haka sunan da garin Sudan yake ɗauke da shi a yau suna ne na gida. A shekarar 1906 suka sauka a Shaihu Ɗalha, wani ƙauyen malamai Fulani da ya riga su kafuwa a gabashin Shuɗin Nilu, daga baya suka tsallaka yamma suka kafa nasu garin.

Abin lura shi ne sun gudu daga Ingilishi sun faɗa hannun Ingilishi, domin tun 1898 Sudan ta koma ƙarƙashin Ingila da Masar. Amma gwamnatin Hartum tana da wata matsala da ta Najeriya ba ta da ita: yaƙe-yaƙe da yunwa na zamanin Mahadiyya sun rage jama'a, ga ƙasa ba masu noma. Sai ta karɓi Mai Wurno, ta bar masa sarautar mutanensa, ta ba shi damar zaunar da masu zuwa a gaɓar kogi. Ƙauyuka suka yi ta tsirowa kudu da Sinnar, da kuma wajen kogunan Dindir da Rahad. Gwamnatin Najeriya kuwa hankalinta bai kwanta ba, musamman bayan tawayen Satiru na 1906. A tsakiyar shekarun 1920 ta tura jami'inta G. J. Lethem ya bi hanyar mahajjata har Sudan da Jidda domin ya gano abin da ke kai da kawowa tsakanin gabas da yamma.

Lissafin da ya kamata ɗalibi ya riƙe kafin ya bar garin shi ne wannan: tsakanin saukar Mai Wurno da kammala madatsar Sinnar akwai shekara 19. Kuma ko shi ba shi ne farkon zuwa ba, tunda ya tarar da Shaihu Ɗalha, kuma mahajjatan yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takarir ko Fallata, sun daɗe suna ratsa ƙasar tun zamanin daular Funj. A nan ya kamata a yi faɗur, a ba dattawa lokaci. Masanin Ingila Mark Duffield ya zauna a garin a shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansa a 1981, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum kuma ya nazarci yadda Fulatanci da Hausar Sudan suke cuɗanya da Larabci. Mai kunne zai ji abin da ya nazarta a hirar zaure: ginin jimla na Hausa, amma kalmomin gona da ofis da lissafi na Larabci.

Madatsar Sinnar

Tafiyar minti kaɗan ce daga Maiwurno. Sinnar tsohuwar hedikwatar daular Funj ce, wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1821, amma abin da ya kawo baƙo yau shi ne katangar dutse mai tsawon kimanin kilomita 3 da ta tare kogin. Masaƙun Lankasha a Ingila ne suka matsa a samo musu auduga mai dogon zare daga wani wuri ban da Masar. Aka gwada noman da famfo a Ɗayyiba a 1911, aka ga ya yi, aka sake gwadawa a Barakat a 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin madatsar, ba a gama ba sai 1925, aka fara shayar da faddan dubu 300. Faddan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya. Da aka ƙara yankin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, filin ya kai kimanin faddan miliyan 2, ya zama ɗaya daga cikin manyan gonakin ban ruwa na duniya da ke ƙarƙashin hukuma guda. Rabin awa ya isa a nan. A tsaya a bakin babbar tura'a, wato magudanar da ke ɗaukar ruwan zuwa arewa, a gargaɗi ɗalibai kada su shiga ruwan, domin magudanan Jazira sun yi ƙaurin suna da tsargiya.

Hawasha da kambo

Nan ne cibiyar yinin, kuma nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. A kan hanyar komawa Madani, wajen Wad Haddad ko Haj Abdallah, sai a sauka daga kwalta a bi gefen magudana. Ƙasar a yanke take kamar allon dara. Babbar tura'a tana ba ƙanana, ƙanana suna ba wata da ake kira abu ishirin, ita kuma tana ba abu sitta, wadda ke kai ruwa cikin gona. Kowace gona ta manomi ɗaya sunanta hawasha. A tsarin farko manomi yana da faddan 30, daga baya 40, faddan 10 na auduga, sauran na dawa da wake da hutun ƙasa. Ba shi da ta cewa kan abin da zai shuka ko ranar da zai sha ruwa. Wannan aikin mufattishi ne, Baturen da ke zagawa yana dubawa, da gafiri mai buɗe ƙofar ruwa. Ribar auduga akan raba ta uku: da farko kashi 40 cikin 100 na manoma, 35 na gwamnati, 25 na kamfanin Sudan Plantations Syndicate, daga baya aka mayar da ita 40, 40, 20.

A cikin wannan rabo babu sunan mai tsinka. Amma faddan 10 na auduga sun fi ƙarfin gida ɗaya, musamman daga Janairu, lokacin da dole a tsince kafin iska da ƙura su ɓata ta. Mai hawasha ba shi da mafita sai ya ɗauki 'yan ƙwadago, mahajjaci kuma ba shi da mafita sai ya nemi kuɗin jirgi da na shiga Hijaz. Bukata ta haɗu da bukata. Mutanen yamma suka shahara da juriyar aiki, har gwamnati da kamfani suka riƙa ƙarfafa zamansu. A can Farin Nilu ma, a tsibirin Aba, Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi ya gina arzikinsa na auduga da hannun mabiya, cikinsu har da Fallata masu yawa. A farkon shekarun 1930, da farashi ya faɗi a duniya, cututtukan auduga kuma suka ci gonaki, 'yan ƙasa da dama suka watsar da hawashoshinsu, mutanen yamma suka karɓa suka riƙe aikin bai mutu ba.

Da kasuwa ta gyaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai hawasha ta zama abin so, sai kuma aka fara tambayar wane ne ɗan ƙasa. Dokar 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 da ta biyo bayan 'yancin kai na 1956, sun ɗaure zaman ɗan Sudan da kasancewar mutum ko kakanninsa a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. A duba wannan rana a kwatanta da 1903 da 1906: layin ya faɗo ne gab da zuwan mutanen Burmi, ya bar su a waje tare da duk wanda ya biyo bayansu. Wasu sun sami takarda daga baya ta hanyar nema, an kuma sassauta sharaɗin a gyare-gyaren da suka biyo, amma tabon ya zauna. Kalmar Fallata ta zama abin gori a bakin wasu, hawasha kuma ta yi wuya ga wanda ba shi da takarda.

Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne noman raba-daidai da mai hawasha, ko haya, ko ƙwadagon yini. Ga kuma bashin da ake kira shel, wanda Bahaushe ya sani da ba-da-kaka: a karɓi kuɗi ko hatsi da damina, a biya da amfanin gona a farashin da mai ba da bashi ya yanka. Mazauninsu kuwa shi ne kambo, jam'insa kanabi, wato matsugunin 'yan ƙwadago a gefen magudana, a kan filin hukuma, ba tare da takardar mallaka ba. Ba Hausawa kaɗai ke cikin kanabi ba. Akwai mutanen Darfur da Kordofan da Cadi, a wurare da yawa ma su suka fi yawa. Da dama daga cikin kanabin sun shafe shekaru masu yawa ba makaranta, ba asibiti, ba famfo, alhali ruwa yana wucewa ta bayan ɗaki. Waɗannan su ne gidajen masu tsinkar inabi na ƙasar auduga, kuma zagayen da ya tsallake su ya tsallake rabin tarihin.

Masanin ɗan Adam C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Hausawan Jazira, ya fitar da littafinsa a 1995, inda ya nuna wani abu mai ban mamaki: mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan suna kiran kansu mahajjata masu kan hanya, suna ƙin gina gidan da zai nuna an zauna, suna cewa tafiya tana nan in Allah ya yi. Ana iya karanta wannan a matsayin ƙarfin niyya, kuma haka ne. Sai dai bai kamata a raba shi da doka da bashi ba. Wanda aka hana shi mallakar fili, kaka kuma ta zo ta wuce bai fita daga hannun mai shel ba, kiran kansa matafiyi ya fi masa mutunci da kiran kansa baƙo. Jagora nagari ba zai yanke wa ɗalibai hukunci ba; zai zaunar da su su ji daga bakin tsofaffi, su lura da wanda ya ce gida yana nufin Kano, da wanda ya ce gida yana nufin nan.

Hanyar ƙasa ita ma ta mutu a hankali. A ƙarshen shekarun 1940 'yan kasuwar Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai wanda taƙaitaccen sunansa, Wapa, ya zama sunan unguwar 'yan canji a Fagge. Da farko motoci ne, sa'annan jirgin sama ya karɓe. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta sa'o'i, masu zuwa daga gida suka ragu, waɗanda ke Jazira suka zama jama'a mai zaman kanta.

Abin da yini ba ya kaiwa

Singa da Damazin da Rusairis, inda aka gama wata madatsar a 1966, sun fi ƙarfin wannan zagaye, amma dole jagora ya ambace su, domin can ma akwai ƙauyukan Hausawa manoma da masunta da masu lambu. A can ne a watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu, abin da maƙwabta suka ɗauka a matsayin neman ƙasa. Fiye da mutum 100 suka mutu, a watan Oktoba kuma fiye da 200 a wajen Wad Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Tambayar 1948 ce ta dawo da makami. Sa'annan babban yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Dakarun RSF suka kama Madani a Disamba na wannan shekara, suka kama Singa a Yuni 2024, soja ya karɓe Singa a Nuwamba, ya karɓe Madani a Janairu 2025. A kwanakin ne ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton kashe-kashe a wasu kanabi, ciki har da Kambo Ɗayyiba, bisa zargin mazaunansu da goyon bayan ɗaya ɓangaren. Saboda haka wannan tsari na zagaye a takarda yake tukuna, sai ƙura ta lafa.

Barakat da Madani

Bayan la'asar a isa Barakat. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare, gwamnati ta karɓi aikin ta kafa Hukumar Jazira, nan ne ofisoshinta. Shekaru da dama auduga ce babbar hanyar samun kuɗin waje ta Sudan, kuma sauran ƙasashen mulkin mallaka sun riƙa kwaikwayon tsarin. Aikin noman Mokwa na Najeriya, wanda aka fara a 1949 ya rushe a 1954, da Jazira aka yi masa koyi. Kusa da nan akwai gidajen gurzar auduga na Marinjan, da gonar bincike ta Madani da aka kafa a 1918. Dokar 2005 ta sakar wa manoma mara su shuka abin da suke so, auduga ta ja baya, gyaɗa da alkama da dawa da albasa suka cike gurbi, ƙaramin layin dogon da ke kwasar auduga daga gonaki kuma ya lalace. Wanda ya zo nan bayan ya ga Maiwurno da kambo zai kalli taswirar da ke bango da wani ido dabam, ya nemi ƙauyukan da ya wuni a cikinsu ya ga ko an sa su.

Zango na ƙarshe shi ne tashar jirgin ƙasa ta Madani, inda a da wanda ya tara guzuri yake hawa zuwa Bur Sudan da Sawakin, a tsare shi kwanakin duba lafiya, ya tsallaka zuwa Jidda. Daga tashar sai kasuwa, domin abincin dare. Da magariba masu nama suke hura wuta, suna jera tsinke a kewayen garwashi, an barbaɗe shi da garin ƙuli da yaji. Mutanen Sudan, Balarabe da wanda ba Balarabe ba, agashe suke ce masa, daga kalmar Hausa ta gashi, kuma har a Hartum sana'ar da Hausawa aka san ta. A gefe akwai mata masu sayar da godo-godo, dangin fura da nono, na gero. Ɗalibi ya yi wa mai naman sallama da Hausa ya ga da wane harshe zai amsa. Tsoho yakan amsa da Hausa har ya tambayi labarin gida, saurayi kuwa sau da yawa yakan fahimta sarai, ya yi murmushi, ya faɗi farashin da Larabci.